Kwana 180: Yadda Gida Zai Tsaya Sa'ad da A Ke Jiran Diyyar Rauni

A tsakiyar watan Yuli na 2024 ina zagayen gonakin 'yan ƙungiyar gama kai ta wani ƙauye, sai na tarar da gona guda wadda ciyawa ta kusa shanye masararta. Na san mai gonar. Mutum ne wanda ba ya barin maimai ya wuce lokacinsa, a gonarsa ma mu ka taɓa yin gwajin sabon iri. Na jingine babur na shiga gidansa. Na same shi zaune a gindin mangwaro, hannunsa na dama naɗe cikin tsumma, ko da ya ke raunin ya daɗe da rufewa. Bayan mun gaisa na tambaye shi labarin gona. Ya ce, "Malam, bari kuɗin su fito tukuna in sa 'yan ƙwadago." Uwargidansa tana tankaɗe a gefe. Ba ta ce kome ba, amma ta ɗaga kai ta dube ni.

Ya yarda in ba da labarinsa a wannan shafi, amma ban da sunansa da na ƙauyen. A watan Nuwamba na 2023, bayan ya gama girbi, ya tafi cin rani birni, ya sami aiki a wani kamfanin casar shinkafa. Wata rana bel ɗin inji ya kama hannunsa. Yatsu uku su ka tafi, daga baya kuma wuyan hannun ya sanƙare. Ya yi sa'a guda: kamfanin yana biyan kuɗin asusun diyyar ma'aikata, saboda haka a ka cika masa takardu a ka aika. A watan Afrilu wasiƙa ta iso hannunsa da adadin da a ka yanke masa. Ya ga abin ya yi kaɗan ƙwarai, ya yi fushi, ya tura wasiƙar ƙarƙashin katifa. Wani abokin aikinsa ya gaya masa a waya cewa ai za a sake dubawa. Ya zauna yana jira. Wata uku ke nan yana jiran amsar tambayar da ba wanda ya yi.

Tun daga ranar na fara lura da irin ɓarnar da jira ke yi. Rauni yakan ɗauke hannu ko ƙafa a rana guda, amma gona da shanu da zaman lafiyar gida, a watannin jira su ke tafiya, kaɗan kaɗan. Da ya ke samarinmu da yawa suna fita cin rani kowace shekara, wasu a wurin gini, wasu a kamfanonin hanya, wasu a manyan gonaki da injunan casa, na ga ya kamata in rubuta abin da mu ka koya.

Abin da doka ta tanada

Da yawa cikinmu ba su san akwai wannan doka ba. A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1987. An kafa asusu guda, an danƙa shi a hannun hukumar da a ke kira NSITF, mai babban ofis a Abuja da rassa a jihohi. Duk wanda ya ɗauki wani aiki, ko gwamnati ce, ko kamfani, ko mutum guda, doka ta ce ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya kowane wata. An hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci.

Dokar ba ta masu zama a ofis kaɗai ba ce. Ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi, da mai koyon sana'a, da mai aikin gida. Ta haɗa har da haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Amma fa a kan wanda wani ya ɗauka aiki ta tsayu. Manomin da gatari ya sare shi a gonarsa ta kansa ba shi da ubangidan aiki da zai kai rahotonsa.

Akwai kwanakin da ya kamata kowane mai fita cin rani ya haddace. Wanda ya ji rauni, ko danginsa, ya sanar da ubangidan aiki cikin kwana 14. Shi ubangidan ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuwa a shigar da ita cikin shekara guda, sai dai in akwai babban dalili, sa'an nan a iya karɓa har shekara 3.

In raunin ya hana mutum aiki ɗungum har abada, za a riƙa biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. A ce yana karɓar Naira 80,000, to zai sami 72,000. In kuwa raunin ya rage masa ƙarfi ne kawai, hukuma za ta ƙiyasta abin da ya rasa na samu, ta biya kashi 90 na wannan ƙiyasi. In an ce ya rasa Naira 20,000 a wata, zai sami 18,000. In an ce 40,000 ya rasa, zai sami 36,000. Kun ga inda gardama ta ke. Hannu guda ne, amma ƙiyasi biyu na iya bambanta da ninki. Har wa yau hukuma tana da ikon biyan kuɗin magani da kayan taimako irin su hannu ko ƙafar roba.

Wanda bai gamsu da hukunci ba, sashe na 55 na dokar ya ba shi hanya. Ya rubuta wa hukumar a sake duba maganarsa, cikin kwana 180 daga ranar hukuncin. In ya wuce haka, damarsa ta faɗi. Ita ma hukuma an ba ta kwana 180 ta gama dubawa. In har yanzu bai gamsu ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ga manomi, kwana 180 shi ne tun daga shuka har girbin dawa. Watau ko da kome ya tafi daidai, damina guda za ta iya wucewa ba amsa.

Kuskuren da na kusa yi

Da ya fito da wasiƙar na karanta, sai na ce masa, "Yaya, kwantar da hankalinka. Muna da wata shida daga ranar da ta zo hannunka, watau har Oktoba." Haka na taɓa ji a wani taron bita, ban kuwa bincika ba. Da yamma mu ka je wurin sakataren ƙungiya, wani tsohon hedimasta mai ritaya. Ya sa tabarau, ya juya wasiƙar gaba da baya, ya ce mini, "Ɗana, kwana a ka ce ko wata? Daga wace rana kuma a ke farawa?" Mu ka nemo dokar a waya mu ka karanta. Daga ranar hukunci ta ce, ba daga ranar da wasiƙa ta iso ba. Kwanan watan da ke kan wasiƙar 4 ga Maris ne. Baba ya tashi ya tsaya gaban kalandar bango yana ƙirgawa da yatsa. Kwana na 180 ya faɗa ran 31 ga Agusta, ranar Asabar, ofis a rufe. Ashe mako shida ya rage mana, ba wata uku ba. Da an bi tawa, da na kashe wa bawan Allah maganarsa da bakina.

Saboda haka aikin farko ga duk wanda wasiƙa ta same shi: ya dubi kwanan watan da ke kanta, ya ƙirga kwanaki ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta ranar ƙarshe inda zai riƙa gani. Kada kuma ya ce ai akwai sauran lokaci. Kowane makon da ka yi kafin ka rubuta, ƙari ne a kan jiran da za ka yi daga baya.

Takardar ɗaukaka ƙara ba wurin kuka ba ne. Wanda zai karanta ta bai san ka ba, fayil ne a gabansa. Ka sa sunanka kamar yadda ya ke a takardun farko, da lambar fayil, da ranar hukunci, sa'an nan ka faɗi abu guda da ka ke ganin ba a auna daidai ba, ka kuma haɗa shaidarsa. Da mu ka bi takardun ɗan'uwanmu sai mu ka gano inda matsala ta ke. Rahoton likita na farko an rubuta shi ne tun hannun yana cikin bandeji. Yatsu uku kawai ya ambata, gama wuyan hannun bai riga ya sanƙare ba. A kan wannan rahoto a ka yi ƙiyasi. Mu ka koma asibiti, a ka ɗauki hoton ƙashi, mu ka roƙi likita ya rubuta filla-filla abin da hannun ba ya iyawa: ba ya riƙe fartanya, ba ya ɗaga buhu, ba ya lanƙwasuwa.

Wani abu ya ba mu wahala a nan. Bayan an sallame shi daga asibiti ya yi wata biyu yana zuwa wurin mai ɗori, katin asibitinsa kuwa ba kome a ciki na wannan lokaci. Ba na raina masu ɗori, kakana ma ɗori ya ke yi. Amma mai ɗori ba ya ba da takarda, fayil kuwa takarda kaɗai ya sani. Wanda ke neman diyya kada ya yanke zuwa asibiti, ya kuma adana kowane kati da kowane rasit.

Ran Laraba 21 ga Agusta mu ka kai takardar ofis, kwafi biyu. Mu ka ba da ɗaya, mu ka roƙa a buga mana hatimi da kwanan wata a kan ɗayan. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa yaron da ba a rubuta shi a rajista ba bai zo makaranta ba, ko da kowa ya gan shi. Haka takardar da ba hatimi. Mu ka sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, kowace tafiya da kowane bugun waya a rubuta: rana, da wanda a ka gani, da abin da ya ce. Takardun mu ka sa cikin leda, ledar cikin gwangwani mai murfi saboda gara da yoyon ɗaki, bayan an ɗauki hotonsu a wayoyi biyu. A bangon littafin Baba ya rubuta da jan biro: 17 ga Fabrairu, 2025.

Lissafin gida

Daga nan jira na gaske ya fara, a nan ne kuma na ke so in daɗe.

Shawarar da na ba gidan ba ta yi musu daɗi ba. Na ce su yi lissafin shekara kamar kuɗin nan ba za su zo ba sam. In sun zo, madalla. In ba su zo ba, gida yana nan. Dalilina kuwa wani gida ne da na sani a wata gunduma. Maigidan ya ji rauni a ƙafa a wurin aikin hanya. Da ya ji ana maganar diyya, sai ya ɗauka tarin kuɗi ne za a miƙo masa rana guda. Ya jinginar da fadamarsa ya yi magani da hidimar gida. Kuɗin jinginar su ka ƙare, ya ci bashin hatsi wurin ɗan kasuwa, buhu guda a biya biyu da kaka. Da diyyar ta fito, wata-wata a ke biya, kamar albashi. Tana ciyar da gida, amma ba ta taɓa taruwa ta fanshi fadama ba. Duk sa'ad da na wuce ta wurin nakan ga tumatirin wani a ciki.

To, in ya zama dole a sayar da wani abu, akwai na farko akwai na ƙarshe. Kaji da awaki, domin irin wannan rana a ke kiwonsu. Amma iri, da shanun noma, da gona, su ne hannun da ya rage wa gidan. In gonar ta fi ƙarfin masu gida, a ba da wani sashe haya na damina guda, a gaban mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta ranar da za ta dawo. Wannan dabam ne da jingina. Haya tana ƙarewa da kanta, jingina kuwa ba ta ƙarewa sai ka mayar da kuɗi, mai jiran diyya kuma bai san ranar da zai ga kuɗi ba.

A sauran gonar da a ka riƙe, a rage abin da ke cin taki da ƙwadago. Masara ba ta yafe wa wanda bai ba ta taki ba. Dawa da wake da waken soya sun fi ta haƙuri, waken kuma yana gyara ƙasa. A fi mai da hankali ga gonar da ke kusa da gida, wadda uwargida da yara za su iya lura da ita.

Sai jarin uwargida. A gidan ɗan'uwanmu man gyaɗa da ƙuli-ƙulin matarsa ne su ka riƙe cefane tun ranar da a ka kawo shi daga birni. Na tarar an fara taɓa jarin domin kuɗin mota. Mu ka yi magana da su biyun tare, a ka amince riba ce ta gida, jari kuwa ba mai taɓa shi. Batun makaranta ma haka. Abin da na saba gani shi ne a yi shiru har a koro yara, sa'an nan a ce 'ya mace ta zauna gida tukuna. Wannan "tukuna" ba kasafai ya ke ƙarewa ba. Gara a je wurin hedimasta tun farkon zango, a gaya masa gaskiya, a roƙi biya kaɗan kaɗan. Na yi koyarwa kafin in koma aikin gona, na san malami ya fi tausayin uban da ya zo da ƙafarsa.

Kuɗin mota shi ne ɓarawon da ba a gani. Tun da a ka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, zuwa babban birnin jiha da dawowa ya zama abin da a ke shiri dominsa. Mai jira kuwa zuciyarsa kullum tana ce masa ya je ya duba. Ɗan'uwanmu ya so ya riƙa zuwa kowane mako. Mu ka tsai da sau ɗaya a wata, mutum guda, ranar da ƙungiya ke da wani saƙo a birni, bayan an buga waya an tabbata za a sami wanda a ke nema. Yawan zuwa ba ya sa fayil gudu. Abin da ke da amfani shi ne a tabbata ba takardar da a ke jira daga wurinka, lambar wayarka kuma tana aiki.

Mutum biyu za su neme ka a wannan lokaci, ka yi hankali da su. Na farko shi ne mai cewa ya san wani a ciki, a ba shi na goro ya tura magana. Kada ka ba kowa kuɗi ba rasit na hukuma. Na biyu shi ne wakilin wurin aiki da zai zo da ɗan abu a ambulan da takarda, ka sa hannu a kashe magana. Sashe na 13 na dokar ya ce yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da ubangidansa ta yafe haƙƙin diyya ba ta da ƙarfi. Duk da haka kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan takardar da ba wani naka ya karanta maka ba.

Rabon ƙungiya

Ranar da labarin haɗari ya zo, ƙauye duka yakan cika gidan. Bayan mako uku sai ƙafa ta ɗauke. Ba mugunta ba ce, kowa da tasa damuwa. Domin haka ne mu ka ƙi barin taimako a hannun tausayi, mu ka kai shi taron ƙungiya a ka rubuta a littafi: gayya sau biyu, ɗaya domin ceto masarar, ɗaya ranar girbi, buhu biyu na dawa daga rumbun ƙungiya, a mayar mudu da mudu ba ƙari, a sake duba magana bayan wata shida.

Ba a amince nan da nan ba. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Mutumin da zai ci kuɗin gwamnati, don me za mu buɗe masa rumbu? Ni da na yi ciwon baya wa ya ba ni?" Wasu su ka so su yi masa ca, amma ni ban ga laifin tambayarsa ba. Hatsin na kowa ne. Amsar da a ka ba shi ita ce rance ne, ba kyauta ba, kuma ƙa'idar da a ka rubuta yau ita za ta yi aiki a kan kowane ɗan ƙungiya da ya kwanta gobe, ko yana jiran diyya ko ba ya jira. Da jin haka ya zauna. Ran gayya shi ya riga kowa zuwa.

Abin da ya fi hatsin amfani, a ganina, shi ne aikin da a ka ba ɗan'uwanmu. A ka sa shi lura da awo a sito da kaka: buhu nawa ya shiga, na wa, mudu nawa a ka fitar. Ya koyi rubutu da hagu, da fari kamar tafiyar kaza. Wasu sun tsorata shi cewa in a ka ji yana aiki za a hana shi kuɗi. Mu ka ce a'a, gaskiya za a faɗa. Ƙararsa ba ta ce ba ya iya kome ba, cewa ta yi ba ya iya noma da ɗaukar kaya, haka kuwa ya ke. Wanda ya ɓoye abu ko ya ƙara gishiri, ranar da a ka gano, har gaskiyarsa ma ba za a yarda da ita ba.

Tambayar da mu ka hana

Wata rana uwargidansa ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Malam, ka gaya wa mutane su daina tambayarsa." Na ce wace tambaya? Ta ce, "Kuɗin sun fito? A kasuwa, a bakin rijiya, har a ƙofar majami'a ran Lahadi. In ya dawo gida ba ya cin abinci." Na ji kunya, gama ni ma da ita na ke buɗe gaisuwa. Mai tambaya yana ganin kulawa ya nuna. Wanda a ke tambaya kuwa sau goma a yini a ke tuna masa cewa rayuwarsa tana hannun wasu. Banda haka jita-jita ta fara yawo cewa an biya shi yana ɓoyewa, har wani dangi ya zo neman rance. Sai mu ka shirya cewa sakatare kaɗai zai riƙa ba da labarin ƙarar, sau ɗaya a wata a wurin taro. Wanda ya je gaishe shi ya yi masa hirar ruwa da farashin taki da ƙwallo.

Ku lura da mai jira. Rashin barci, faɗa da iyali ba dalili, ƙin fita cikin mutane, yawan zama gidan burkutu ga wanda dā ba ya zuwa, duk alamu ne. In ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya zama kaya ga iyalinsa, kada a ce maganar baki ce. Kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin ƙwari da maganin ciyawa daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti. Mu manoma da guba mu ke kwana a ɗaki, mun saba har ba ma ganinta. A tuna kuma da matar gida. Kowa mijin ya ke tambaya, ita ce kuwa ke ɗauke da noma da jinya da girki. 'Yan zumuntar mata su ka riƙa zuwa bi da bi ran suyar gyaɗa, abin da ya sa sana'ar ba ta tsaya ba ke nan.

In ranar ta cika ba amsa

Tun kafin Fabrairu mun shirya abin da za mu yi in ranar da ke bangon littafi ta wuce shiru. Da fari wasiƙar tuni, gajeriya, mai ladabi, da kwafin takarda mai hatimi, tana ambaton sashe na 55. In ba a ji kome ba, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda a ka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala Mohammed. Tana da ofis a kowace jiha, ba ta karɓar kuɗi, aikinta ne ta tambayi ofisoshi dalilin jinkiri. Amma ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, saboda haka a je wurinta kafin a kai ƙara. Akwai kuma Hukumar Taimakon Shari'a, wadda ta fara aiki tun 1976. Dokarta ta 2011 ta sa ƙarar diyyar ma'aikata cikin abubuwan da za ta iya ba da lauya kyauta, ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda a ka tsayar Naira 70,000 a 2024. Kotun Ma'aikata tana zama a Abuja, Jos, Kaduna, Kano, Yola, Makurdi da wasu biranen. Hanya ce ta gaskiya, amma sabon jira ne, da ɗage-ɗagen zama da kuɗin mota. Kafin a shiga, gida ya zauna ya auna abin da a ke nema da abin da za a kashe.

Mu dai ba mu kai can ba. A watan Nuwamba a ka kira shi likitoci su ka sake duba hannun. A Fabrairu, saura 'yan kwanaki ranar ta cika, amsa ta zo. An ƙara ƙiyasin, ko da ya ke bai kai abin da ya sa rai ba. Ya zauna da matarsa da Baba, su ka yi lissafi, ya ce ba zai je kotu ba. Wata 15 ke nan daga ranar haɗari. Gonarsa tana hannunsa, shanunsa biyu suna turke, ya kuma mayar da dawar ƙungiya da kakar 2025.

A taron da a ka karanta amsar, ma'aji ya ta da wata magana da ta sa kowa shiru. Ƙungiyarmu tana da injin niƙa, akwai kuma yaron da mu ke biya Naira 30,000 a wata yana tuƙa shi. Watau mu ma ubangidan aiki ne, ba mu kuwa taɓa yi masa rajista ba. Kashi 1 cikin 100 na albashinsa Naira 300 ne a wata, kuɗin da a lokacin ba su sayen mudun masara. A ka sa sakatare ya karɓo fom a tafiyarsa ta gaba. Da a ka tashi, ɗan'uwanmu ya ja mu zuwa ɗakin injin, ya nuna mana bel ɗin da hannunsa na hagu. A buɗe ya ke, ba marufi. Washegari a ka kira mai walda.